Ku Tambaya, Mu Amsa: Sake Rera Waƙar Mawaƙin da Ya Rasu

A watan Yuni Allah ya karɓi ran manyan mawaƙanmu biyu: Alhaji Mamman Shata ranar 18 ga Yuni 1999, da Ɗan Maraya Jos ranar 20 ga Yuni 2015. Shi ya sa duk shekara idan watan ya kama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan karkata kan tsofaffin waƙoƙi da masu son sabunta su. Mun tsinci wasu daga ciki, mun zauna da masu aikin situdiyo da masu adana tsofaffin kaset da masana dokar haƙƙin mallaka, ga abin da muka fito da shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne mai tasowa. Ina so in sake rera wata waƙar Ɗan Maraya da kiɗan zamani, in ɗora a YouTube da Audiomack don tunawa da shi. Abokaina sun ce tunda ya rasu, kuma waƙar gargajiya ce, ba sai na nemi izinin kowa ba. Haka ne?
Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokanka ba su gaya maka daidai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta ce kalmomin waƙa da karinta suna nan a ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Idan ka lissafa, waƙoƙin Ɗan Maraya sai ƙarshen 2085, na Shata sai ƙarshen 2069, na Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991 sai ƙarshen 2061. Haƙƙin dukiya ne, yana cikin abin da mamaci ya bari, magada ne ke da shi.

Maganar cewa waƙar gargajiya ce, nan ma akwai kuskure. Kayan kiɗan ne na gargajiya, amma waƙar an san wanda ya tsara ta. Wadda ba a san mai ita ba, irin waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa, ita ce doka ta sa a rukunin al'adun gado, kuma ko ita idan za a yi kasuwanci da ita, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da ta cewa.

Sannan ka rarrabe abu biyu, domin a nan mutane suka fi faɗawa rami. Akwai waƙar kanta, akwai kuma naɗin da aka yi mata a faifai ko kaset. Idan kai za ka rera da bakinka, makaɗanka su yi sabon kiɗa, izinin magada kawai kake bukata. Idan kuwa za ka yanko muryar marigayin ko kiɗan kuntiginsa daga tsohon faifai, ko da na daƙiƙa biyar ne, to sai ka ƙara da izinin wanda ya mallaki wannan naɗin, wanda sau da yawa kamfanin faifai ne ko gidan rediyo. Kariyar naɗi shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fitar da shi, wato faifan da ya fita a 1974 wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2024. Amma cikar wa'adin faifai bai saki waƙar da ke ciki ba.

Ga yadda za ka bi. Ka je gidan da kanka, ka yi gaisuwa, ka tambayi wanda magada suka wakilta a kan kayan marigayin. Kada ka tsaya kan mutum ɗaya da ya ce maka “je ka yi, ba komai”. Abin da ke faruwa shi ne, ka ba ɗaya kuɗi, waƙa ta fita ta karɓu, sai wani daga cikin magada ya kai ƙorafi. YouTube za su sauke waƙar su rubuta maka gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 rufe tasha ne. Don haka a rubuta takarda: sunan waƙar, abin da aka yarda ka yi da ita (murya kaɗai, ko har da bidiyo da hawa dandali), tsawon lokacin izinin, ko kai kaɗai aka ba ko ana iya ba wani, abin da za ka biya a hannu, da kason da gidan zai riƙa samu daga abin da waƙar ta kawo. Wakili ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Doka ta yarda da izinin baki idan ba na keɓewa ba ne, amma ranar da gardama ta tashi, takarda ce za ta yi maka magana. Mu dai shawararmu, kada a yi cinikin biya sau ɗaya a rabu. A bar wa gidan kaso, komai ƙanƙantarsa.

Lokacin ɗora waƙar, a gurbin marubuci ka sa sunansa, Adamu Wayya, Ɗan Maraya Jos, naka kuma a gurbin mai rerawa. Kuma idan akwai yankin tsohon faifai a ciki, kada ka bari kamfanin da ke rarraba maka waƙa ya shigar da ita tsarin YouTube mai kamo masu kwafi. Na'urar ba ta san gaba da baya ba: za ta ji muryar marigayin a waƙarka, ta je ta kama ainihin waƙarsa da wasu suka ɗora, ta juyo da kuɗin wajenka. Wannan cin haƙƙi ne ko da ba ka yi niyya ba.

'Yan'uwanmu na Nijar, ofishin da za ku fara tuntuɓa shi ne BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasarku, a Yamai.

TAMBAYA: Malam, muna gardama a majalisarmu. Na ce shahararriyar waƙar nan ta marigayiya Whitney Houston ta cikin fim ba tata ba ce, wasu sun ce ƙarya nake yi. Ku raba mana, kuma wa ya ci kuɗin?
Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya

AMSA: Kai ne da gaskiya. Waƙar “I Will Always Love You” Dolly Parton ce ta rubuta ta a 1973, ta fitar da ita a 1974 da salon kiɗan karkarar Amurka. Whitney Houston ta sake rera ta a 1992 don fim ɗin The Bodyguard, ta yi mako 14 tana kan gaba a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Whitney ta rasu ranar 11 ga Fabrairu 2012.

Kuɗin kashi biyu ne, kamar yadda muka bayyana a sama. Na naɗin ya tafi wajen kamfanin faifai da mai rerawa, na rubutun kuma wajen Dolly Parton yake zuwa duk lokacin da aka sayar ko aka sa waƙar. Abin da ya sa haka, tun a shekarun 1970 Elvis Presley ya so ya rera ta, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin rubutun, ita kuwa ta ƙi. Mawaƙanmu su riƙe wannan: ba da izinin rerawa daban, sayar da waƙa daban.

Akwai wani darasi na sana'a a ciki. Whitney ba ta kwaikwayi muryar mai waƙar ba ko kaɗan. Ta buɗe da murya zalla babu kiɗa, ta ja waƙar a hankali, can kusa da ƙarshe aka ɗaga ta sama. Amma karin waƙar yana nan yadda mai shi ya gina shi, wanda ya san ta farko yana ji zai gane. A Amurka doka ta ba kowa damar sake rera waƙar da ta riga ta fita muddin zai biya kuɗin da aka ƙayyade kuma bai sauya ainihin karinta ba, sai dai wannan damar ba ta haɗa da bidiyo ba. Kada wani ya ji haka ya ɗauka ya huta da zuwa gidan magada: wancan tsari yana tafiya ne da waƙoƙin da ke da rajista da kamfanin da ke karɓar musu kuɗi, yawancin namu kuwa hanyarsu ita ce ƙofar gida.

TAMBAYA: Na sake yin wata waƙar Shata a situdiyo, na kashe kuɗi, kiɗa ya fita tas. Da na sa wa mahaifina sai ya ce “wannan ba ita ba ce”. Ban canza kalma ko ɗaya ba. Ina matsalar take?
Daga wani mawaƙi a Funtuwa

AMSA: Ba mu ji waƙarka ba, amma irin wannan ƙorafi yawanci wuri huɗu yake fitowa, kuma kunnen Baba ya kama aƙalla ɗaya.

Na farko shi ne tafiyar kiɗan. Da yawa daga kiɗan kalangu bugunsa uku-uku yake tafiya, shi kuwa mai fiyano yana buɗe kwamfuta abin da zai tarar a shirye huɗu-huɗu ne. Idan aka ɗora waƙar a kan wannan, dole gaɓoɓin kalmomi su matse a wani wuri su miƙe a wani, rausayar ta tafi. Ka gwada da kanka: sa asalin waƙar, ka riƙa buga ƙafa a kan babban bugu, ka ƙirga ƙananan bugun da ke tsakanin sawu da sawu. Idan uku ne, ka gaya wa mai haɗa kiɗa ya saita aikin a 6/8 ko 12/8 tun kafin ya taɓa komai. Ka kuma auna saurin waƙar a wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe. Za ka tarar ba ɗaya ba ne, domin makaɗa suna ƙara wuta yayin da waƙa ta yi zafi. Kwamfuta kuwa da saurin da ta fara da shi za ta ƙare, sai waƙar ta zama kamar an ɗaure ta. Maganin wannan, a kawo makaɗin kalangu na gaske, a fara naɗar shi tare da kai kana rerawa, sannan a gina sauran kiɗan a kansa. Makirfo irin Shure SM57 ya isa, a ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga fatar, a ɗan karkace, kuma a ba makaɗin sarari domin yana motsi idan yana matsa tsarkiya. Kalangun cikin fiyano murya ɗaya gare shi, na gaske kuwa matsar tsarkiyar nan ce ke sa shi hawa da sauka yana bin magana.

Na biyu, yawan muryoyin fiyano. Mafi yawan waɗannan waƙoƙi a kan muryoyi biyar aka gina su, fiyano kuwa bakwai yake bayarwa a kowane ki, wato matakin muryar da aka ɗora waƙa a kai. Mai kiɗa da ya saba da waƙoƙin soyayya zai riƙa zuba haɗe-haɗen da ke ɗauke da biyun da babu su a waƙar, nan take ta koma kamar ta fim. Ku zauna ku lalubo muryoyin da mawaƙin ya taka, ku rubuta su, ku hana hannu fita daga cikinsu. Sau da yawa murya ɗaya mai kauri da ke riƙe gindi ta fi haɗi huɗu amfani.

Na uku, Auto-Tune, wato na'urar da ke daidaita muryar mawaƙi idan ta kauce. Mawaƙan baka suna zamewa daga murya zuwa murya, wani lokaci su tsaya a tsakani, kuma da gangan ne. Idan aka saita na'urar da sauri za ta fizge kowace gaɓa ta kai ta inda take so. Ko dai a kashe ta, ko a sassauta saurinta sosai, a cire mata muryoyin da ba sa cikin waƙar, a gyara wuraren da suka kauce ɗaya bayan ɗaya da hannu. A kula kuma da tsawon wasali, domin Hausa ba ta yafe wannan: ja gaɓar farko ta “gari” inda bai kamata ba, ka mai da birni abin tuwo.

Na huɗu, kuma a ganinmu shi ya fi kashe waƙoƙin Shata a hannun 'yan zamani, shi ne amshi. A situdiyo an saba a naɗi amshi sau ɗaya a manna shi ko'ina. A wajen Shata kuwa amshi zance ne tsakaninsa da mutanensa: wani lokaci su shigo kafin ya rufe baki, wani lokaci ya katse su, wani lokaci ya bar su su maimaita yana hutawa. Ka samo mutum uku ko huɗu, su kewaye makirfo ɗaya da tazarar kamu guda, su yi amshin tun daga farko har ƙarshe suna jin ka. Ƙananan bambance-bambancen da za a ji tsakanin wannan amshi da wancan, su ne ran waƙar, kada injiniya ya goge su.

Abu na ƙarshe: kada ka matse maƙogwaro don ka yi irin muryarsa. Nemi layin da ya fi kowane tsawo a waƙar, ka sauke ki ko ka ɗaga shi har sai ka rera wannan layin ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. A nan za ka tsaya.

TAMBAYA: Akwai wuraren da ba na jin abin da mawaƙin ya ce saboda kaset ɗin ya tsufa. Kuma waƙar minti 18 ce, ta wani basarake. Zan iya cike gurbin da nawa, in rage ta, in sa sunan maigidana a madadin na basaraken?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

AMSA: Tambaya uku ka yi, amsarsu ba ɗaya ba ce.

Cike gurbi da ka, a'a. Abin da ka rera yau shi yara za su haddace gobe a matsayin maganar marigayin. Rage saurin wurin zuwa kashi 75 cikin 100 a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka saurara da abin kunne. Nemi wani naɗin na waƙar, domin mawaƙan baka ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu, abin da ya shige a wannan kaset yana iya fitowa sarai a wancan. Sannan ka kai wa dattijon da ya fito daga yankin mawaƙin. Wanda bai saba da Sakkwatanci da Zamfarci ba zai sha wuya da Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, kuma yawancin abin da ke ɓacewa sunayen garuruwa ne da na dawaki da na bayin sarki, waɗanda ɗan gari yana ji zai gane. Sassan Hausa na jami'o'i, irin na Bayero a Kano da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da kundayen ɗalibai da aka rubuta waƙoƙi da dama a ciki. Idan duk ka yi wannan bai fito ba, tsallake ɗan waƙar, wato baitin da wurin yake ciki, gaba ɗaya.

Ragewa babu laifi, amma da tsari. Gindin waƙa, wato layin da ake ta maimaitawa a amshi, ba a taɓa shi. Ɗiyan kuwa kowane da kansa yake tsaye, don haka ka ɗauki ɗa cikakke ko ka bar shi cikakke, kada ka haɗa rabin wannan da rabin wancan. Riƙe na buɗewa, da biyu ko uku da suka fi ɗaukar ma'anar waƙar, da na rufewa. Ɗiyan da ke ɗauke da zambo ga wani mutum da aka ambata ko aka siffanta, a bar su a tsohon kaset. Wanda aka yi wa ya tafi, amma jikokinsa suna nan suna jin rediyo.

Sauya suna kuwa, shi ne ba ma goyon baya. Kirarin da ke cikin waƙar na gidan ne: kakanninsa, garuruwansa, yaƙe-yaƙensu. Ka ɗora wa wani, ka yi ƙarya a tarihi, ka kuma taɓa gida biyu, na mawaƙin da na basaraken. A Nijeriya doka ma ta ba mai waƙa, da magadansa bayan ransa, ikon hana a jirkita aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Idan maigidanka ya cancanci waƙa, tsara masa tasa.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu ya bar kwali biyu na kaset, har da waɗanda ya naɗa da kansa a wajen bukukuwa a shekarun 1980. Yaya zan mai da su cikin kwamfuta ba tare da na lalata su ba? Wani ya ce in kunna rediyo in kanga waya.
Daga wata baiwar Allah a Gusau

AMSA: Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, abin da ke hannunki yana da daraja, musamman na bukukuwan nan, domin wataƙila babu kwafinsu a ko'ina, har a Rediyon Tarayya na Kaduna. Kanga waya kuwa a bar shi: za ki naɗi ƙarar ɗaki da ta fanka, ki rasa rabin kiɗan.

Fara da duba kowane kaset. A saman kowane akwai 'yan harsuna biyu na roba. Ki karye su, don kada wani ya danna maɓallin naɗi bisa kuskure ya goge. Leƙa ta tagar: idan kin ga farin gari ko furfura a jikin zaren, fumfuna ce, ware shi gefe, kada ya shiga rikoda domin zai shafa wa sauran. Duba ƙasan inda zaren ke wucewa, akwai ɗan soso da ke danna shi a jikin kan rikoda. Idan ya faɗi, sauti zai fito a dushe, sai a kwance kaset ɗin a mai da zaren cikin wani gidan mai lafiya. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi da tef na musamman ta bayansa. Salatif na kanti yana narkewa ya manne zagaye da zagaye. Kafin ki kunna kowane, ki tura shi gaba har ƙarshe ki dawo da shi sau ɗaya, don zaren ya saki jiki. Masu lamba C120 zarensu ya fi siriri, su ne rikoda ta fi ci, a bar su sai hannu ya saba.

Rikodar ita ce rabin aikin. A samo babba irin ta kan tebur mai ramin fitar da sauti a baya, a kai wa mai gyara ya sa sabon bel. Kaset yana tafiya ne a santimita 4.76 cikin daƙiƙa. Bel da ya saki yana sa murya rawa, kuma kaucewar kashi 6 cikin 100 ta isa ta sauya muryar mawaƙi da rabin mataki. A goge kan rikodar da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit, a goge tayar robar da ke matse zaren har sai baƙin ya daina fita, a bari ta bushe. A fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba.

Akwai wani ɗan noti a gefen kan rikoda da mutane ba su san aikinsa ba. Shi ke daidaita tsayuwar kan da layin da aka naɗa a zare. Kaset ɗin da aka naɗa da wata rikodar daban, irin na Baba, sau da yawa layinsa ya ɗan karkace, sai ki ji sauti kamar an rufe shi da bargo. Yayin da kaset ke tafiya, a juya notin da ƙaramin sukundireba a hankali, kada ya wuce rubu'in zagaye ta kowane ɓangare, a tsaya inda tafi da kaifin kiɗa suka fi fitowa. Kowane kaset da nasa saitin. Maɓallin Dolby, mai rage shuun kaset, a bar shi a kashe sai idan an rubuta a jikin kaset ɗin cewa da shi aka naɗa.

Daga bayan rikoda a ja waya zuwa ƙaramin akwatin sauti mai shiga USB, ta ramin layi, ba na makirfo ba, domin na makirfo yana ƙara ƙarfi har sauti ya fashe. A Audacity a zaɓi WAV, bit 24, kilohaz 48. A nemi wurin da ya fi ƙara a kaset ɗin, a saita shi ya tsaya wajen -6 a ma'aunin ƙarar sauti na manhajar, kada ya taɓa ja. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya. Idan ana jin gunji a ƙasa, na wutar lantarki ne mai haz 50; a cire cajar kwamfutar ta yi aiki da batir, yawanci zai ragu.

Kwafin farko kada a taɓa shi da gyara ko kaɗan. A yi wani kwafin a yi gyara a kai, kuma a yi hattara da abin rage shuu. Kuntigin Ɗan Maraya, alal misali, yana da ɗan ƙarfe mai zobba da ke zuza idan an kaɗa. Na'ura tana ɗaukar wannan a matsayin datti ta share shi, a bar kiɗan tsirara. Gara a bar ɗan shuu. A ɗauki hoton kowane kaset gaba da baya, a rubuta sunan mawaƙi da gari da shekara da bikin wane ne, tun masu tunawa suna raye. A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. Idan za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi. Su kuma kaset ɗin kada a zubar. A tsayar da su a gidajensu, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika da rana.

TAMBAYA: Yanzu ana iya sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar mawaƙin da ya rasu ta rera sabuwar waƙa. Ina so in yi wa Shata haka don matasa su san shi. Me kuka gani?
Daga wani mai haɗa kiɗa a Zoo Road, Kano

AMSA: Ba mu yarda da shi ba, ɗan'uwa, ko da niyyarka mai kyau ce. Shata mutum ne da ya zaɓi wanda zai yi wa waƙa da wanda zai ƙi, kuma maganarsa tana da nauyi har yau. Ka sa masa kalmomin da bai faɗa ba, gobe wani zai sa shi yabon ɗan takarar da bai taɓa sani ba, jibi a yanke alamar da ka sa a riƙa yawo da ita a matsayin tsohuwar waƙa da aka tono. YouTube tun 2024 suna bukatar a bayyana irin wannan a fili, amma waƙa tana barin YouTube ta shiga wayoyi ba tare da bayanin ba.

Akwai amfanin na'urar da muke maraba da shi, wato raba murya da kiɗa a tsohon naɗi. Da shi aka tsamo muryar John Lennon daga wani tsohon kaset na gida, sauran 'yan ƙungiyarsa ta Beatles suka kammala waƙar ta fita a 2023, da yardar iyalinsa. Muryarsa ce ta gaske da kalmominsa. Tun kafin wannan fasaha ma, a 1991 Natalie Cole ta rera waƙa tare da naɗin muryar mahaifinta Nat King Cole, wanda ya rasu a 1965. Idan irin wannan kake so, ka koma amsar farko: izinin magada da na mai naɗin. Ka sani kuma manhajojin raba murya an horar da su ne galibi da kiɗan Turawa, don haka sukan ɗauki kalangu a matsayin murya saboda yana hawa da sauka kamar magana. Za ka tarar da ɓurɓushinsa a cikin muryar, sai ka bi da hannu, ko ka bar asalin kalangun a ciki ka gina naka a kewaye da shi, wanda shi ya fi fita da kyau.

TAMBAYA: Mu ƙungiyar mata ce, muna rera waƙoƙin marigayiya Barmani Choge a gidajen biki. An ba mu shawara mu bar ƙwarya mu koma fiyano. Kuma idan mun sa makirfo, ƙwaryar ruwa ba ta fita.
Daga wata uwar ƙungiya a Katsina

AMSA: Hajiya, kada ku bar ƙwarya. Amada da ƙwarya aka san ta, kuma da ita Barmani ta yi suna har ta rasu a 2013. Masu fiyano sun yi yawa, masu iya abin da kuke yi kuwa sun yi ƙaranci.

Matsalar makirfo mai sauƙi ce. Ƙwaryar da aka kifa a ruwa muryarta mai kauri ce, ƙananan lasifikan haya ba sa iya fitar da ita, don haka ku nemi mai kayan sauti ya zo da babbar lasifika ta ƙasa. Makirfo ɗaya a kan ƙwaryar ruwa, taƙi ɗaya daga sama, a sa masa soso saboda fantsama, wayarsa kuma a ɗaga ta daga ƙasa don kada ta jiƙe. Wani ɗaya a tsakiyar busassun ƙoren. Kaurin muryar yana bin yawan iskar da aka rufe a ƙarƙashin ƙwaryar, don haka ku ɗan ɗaga gefenta ku saki iska ko ku ƙara har ta yi daidai da muryar mai bayarwa, kuma ku sake dubawa bayan kowace waƙa biyu ko uku domin bugu yana fitar da iskar. Kafin ku fara kowace waƙarta ku ambaci sunanta ku yi mata addu'a, kuma ranar da kuka yi niyyar shiga situdiyo ko ɗora bidiyo a intanet, ku fara zuwa Funtuwa wajen iyalinta a rubuta takarda.